Yadda Ake Bibiyar Ci Gaban Gini da Tsaron Ma'aikata a Tashar Samar da Lantarki Daga Shara

Duk wanda aka ɗora wa alhakin sa ido a kan ginin tashar da za ta ƙona shara ta samar da wutar lantarki, ko a madadin mai aikin yake ko a madadin masu ba da rance, zai riƙa karɓar rahoto iri biyu a ƙarshen kowane wata. Ɗaya yana faɗin kashi nawa cikin ɗari na aikin aka kammala, ɗayan kuma yana faɗin awa nawa aka yi ba tare da wani ya ji rauni ba. Yawanci ofisoshi biyu ne ke rubuta su, amma kai ka karanta su tare, domin inda jadawali ya fara makara, a nan ake fara cunkusa ma'aikata wuri ɗaya, a ƙara aikin dare, a tsallake dubawa, kuma a nan haɗari ke samun ƙofa.

Fara da sanin hanyar da shara za ta bi

Ba za ka iya auna ci gaban abin da ba ka san tsarinsa ba, don haka kafin ka taka filin, ka zauna da zanen tashar ka bi shara daga ƙofa har zuwa bututun hayaƙi. Motoci suna hawa sikeli, su shiga zauren juye shara, su zuba kayansu a cikin wani katafaren rami na kankare wanda ke ɗaukar sharar kwanaki da dama. Ƙugiya mai yatsun ƙarfe tana gauraya sharar, ta ɗiba ta zuba a mazurari, daga nan ta gangara kan gadon wuta, wato jerin sandunan ƙarfe masu motsi waɗanda ke tura ta gaba sannu a hankali tana ci. Zafin wutar yana tafasa ruwan da ke cikin bututan tukunya, tururin ya juya injin tabain, wato inji mai fikafikai, shi kuma ya juya janareta. A tashoshi da yawa tururin yana fita ne da zafin kusan digiri 400 a ma'aunin Salshiyos da matsi kusan 40 a ma'aunin bar, kuma da gangan ba a cika wuce haka ba, saboda sinadarin kulorin da ke cikin shara yana cinye bututu idan zafi ya yi yawa. Hayaƙin kuwa ba ya fita sai an tace shi: ana fesa amoniya ko yuriya don rage gubar naitirojin, a sa farar ƙasa ta kama iska mai tsami, a sa garin gawayi na musamman ya kama guba irin su dayoksin da makuri, sannan a bi da shi ta buhunan tacewa.

Dokar Tarayyar Turai ta 2010 a kan hayaƙin masana'antu ta wajabta cewa iskar da ta tashi daga ƙonewar ta tsaya a kan aƙalla digiri 850 na tsawon daƙiƙa biyu, kuma ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan ma'auni. Ka riƙe wannan adadi, domin shi ya sa tukunyar take da tsayi haka, shi ya sa ake girka murhun taimako masu amfani da gas ko man dizal, kuma shi ne za a gwada a ƙarshe kafin a karɓi tashar.

Ka kuma san layi nawa ake ginawa. Tashar Warsan ta Dubai, mai ɗaukar tan 5,666 na shara a rana, layi biyar gare ta, kowanne da gadon wutarsa da tukunyarsa. A irin wannan aiki layi na farko yana iya kasancewa da wuta a ciki alhali ana kan waldar na biyar, kuma wannan kaɗai ya isa ya canza duk tsarin tsaron filin.

Auna abin da aka gama, ba abin da aka kashe ba

Ka nemi cikakken jadawalin ɗan kwangila, ba taƙaitaccen shafin da ake nuna wa baƙi ba, ka gano jerin ayyukan da idan ɗayansu ya makara da kwana ɗaya, ranar kammala tashar ma ta makara da kwana ɗaya. A wannan irin gini jerin yakan bi ta harsashi da ramin shara, ya hau ƙarfen da zai riƙe tukunya, ya shiga waldar bututan tukunyar, gwajin matsin ruwa, busar da bulon wuta (bulo mai jure zafi da ake jerawa a cikin tukunya), wanke bututu da tururi, har zuwa ranar da za a fara ƙona shara. Ginin ofis da titin shiga da katanga suna da daɗin gani a hoto, amma kammala su ba ya matso da ranar ba da wuta ko da taƙi ɗaya.

Adadin kashi cikin ɗari kuwa, ka tambayi yadda aka lissafa shi. Idan an lissafa da kuɗin da aka kashe, to ranar da injin tabain ya sauka a filin cikin akwatinsa adadin zai yi tsalle, alhali ko noti ɗaya ba a ɗaure ba. Abin dogara shi ne ƙidayar da ido ke iya tabbatarwa: turakun harsashi nawa aka kafa kuma aka gwada, mita mai murabba'i nawa ta katanga aka zuba, tan nawa na ƙarfe aka ɗora kuma aka ɗaure, mahaɗin bututu nawa aka yi wa walda, mita nawa ta waya aka ja kuma aka haɗa bakinta biyu. A kowanne, kalmar “kuma” ita ce ta fi muhimmanci. Kankare ba ya shiga lissafi da gaske sai sakamakon gwajin samfurinsa na kwana 7 da na kwana 28 ya fito, walda kuma sai an ɗauki hoton cikinta, irin hoton ƙashi na asibiti, an amince da ita.

Bari mu ɗauki misali. A ce tukunya tana buƙatar walda 8,000, rahoto ya ce an yi 4,000, wato rabi. Idan ka duba ka ga 2,500 ne kawai aka ɗauka hoto, kuma a cikinsu ɗaya cikin goma ta faɗi, to ba rabi aka yi ba. Akwai walda 1,500 da ba a san halinsu ba, kuma idan masu waldar da suka yi kuskuren farko su ne suka yi su, gyaran da ke gaba zai faɗo ne daidai lokacin da ake son rufe bangon tukunya. Saboda haka ka nemi adadin waldar da ta faɗi na kowane mai walda daban, mako bayan mako. Idan adadin mutum ɗaya ya hau, matsalarsa ce. Idan na kowa ya hau tare, to a duba gajiya, ko wayar waldar da ta sha laima, ko gaggawar da ake yi musu.

Alama ta ƙarshe ita ce yawan mutane. Idan ka ga an ninka ma'aikata a sashe ɗaya cikin mako biyu ba tare da an ƙara heluma ko mai duba tsaro ba, ka san jadawali ya matsu ko da rahoto bai faɗa ba.

Zagayen fili: haɗari yana canza kama

Ka zagaya filin da ƙafa aƙalla sau ɗaya a mako, ka canza rana da lokaci, wani lokaci ka zo da asuba ko lokacin canjin ma'aikatan dare. Hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, tabarau da riga mai ƙyalli wajibi ne, amma su ne mataki na ƙarshe a kariya, kuma filin da kowa ya sa hula yana iya zama mai kisa. Yarjejeniya ta 167 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1988 kan tsaro da lafiya a aikin gini, ta ɗora wa babban ɗan kwangila nauyin daidaita tsaro a duk inda kamfanoni biyu ko fiye ke aiki a fili ɗaya, don haka kada ka yarda da uzurin cewa ma'aikacin ƙaramin ɗan kwangila ne.

A matakin aikin ƙasa, tambaya ta farko ita ce me ke ƙarƙashin filin. Sau da yawa ana gina waɗannan tashoshi kusa da tsohon juji. Tashar Reppie ta Adis Ababa, wadda aka buɗe a 2018, tana gefen jujin Koshe ne, inda tarin shara ya zabtare a watan Maris na 2017 ya hallaka mutane fiye da 100 daga cikin mazauna wurin. Tsohon juji yana fitar da iskar mithen, wadda ke fashewa idan ta kai tsakanin kashi 5 da 15 cikin ɗari na iska, yana kuma fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda, idan ta yi yawa, takan kashe jin warin hanci kafin ta kayar da mutum. Don haka hanci ba ma'auni ba ne; a auna kowane rami da na'ura kafin a shiga. Ƙa'idar Amurka ta ce ramin da ya kai zurfin ƙafa biyar, kimanin mita ɗaya da rabi, sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi, a kuma ja ƙasar da aka haƙo baya daga baki da aƙalla ƙafa biyu. Ramin shara ya ninka wannan zurfi sau da yawa, kuma idan ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, ka tambaya me zai faru idan famfunan janye ruwa suka tsaya da tsakar dare.

Idan ƙarfe ya fara tashi, faɗowa daga sama ita ce ke kan gaba. A Amurka kariya daga faɗowa tana zama dole daga ƙafa shida, kimanin mita 1.8, alhali ginin tukunya yakan kai mita 40 ko fiye. Kada ka tsaya ga ganin ɗamarar hawa a jikin ma'aikaci. Ka bi igiyar da ido ka ga inda aka maƙala ta. Ka duba katin da ke rataye a ƙofar kowane dandamalin hawa, ka karanta ranar da aka duba shi da sunan wanda ya sa hannu. Sannan ka kalli ƙasa, wato daɓen da kake takawa. Benayen ginin tukunya da ragar ƙarfe ake shimfiɗa su, kuma mai jan waya ko mai saka bututu yakan ɗaga falle ɗaya don ya wuce da kayansa, ya tafi cin abinci da niyyar dawowa. Na taɓa tsayawa a bakin irin wannan rami a hawa na biyar, an rufe shi da tsohon kwali don kada ƙura ta sauka wa na ƙasa, kuma wanda ya yi hakan a ganinsa kirki ya yi. Cire raga ya zama sai da takardar izini, a kewaye wurin da shinge mai ƙarfi, ba da zaren roba mai ja da fari ba.

Ɗaga manyan kaya, irin su gangar tururi da sassan bangon tukunya da injin tabain, yana buƙatar rubutaccen shiri: nauyin kayan, ƙarfin ƙugiya a nisan da za ta miƙa, ƙarfin ƙasar da za ta tsaya a kai, iyakar gudun iskar da kamfanin da ya ƙera ta ya gindaya, da mutum ɗaya tak mai ba da alama. Ba a wucewa ƙarƙashin kaya a rataye, ko manajan aikin ne.

Cikin tukunya kuwa wuri ne ƙuntatacce. Masu waldar bututu sukan cika bututun da iskar agon don waldar ta yi kyau, ita kuwa ba ta da wari, ta fi iska nauyi, tana taruwa a ƙasa ta kori oksijin. Idan oksijin ya sauka ƙasa da kashi 19.5 cikin ɗari ba a shiga. A tsayar da mai gadi a bakin ƙofa da rajistar wanda ya shiga da wanda ya fita, a kuma koya masa cewa aikinsa kiran masu ceto ne, ba kutsawa ciki ba, domin sau da yawa wanda ya shiga ceto ba shiri shi ne gawa ta biyu. Ɗaukar hoton walda da sinadari mai haske mai illa yawanci da dare ake yi; ka tabbata masu aikin dare na sauran kamfanoni sun san lokacin da iyakar shingen.

Lokacin da gini da gwaji suka haɗu

A ganina a nan ne mai sa ido ya fi cancantar albashinsa. Shekara biyu ko fiye ma'aikata sun saba da cewa waya ba ta da wuta, bututu babu komai a ciki, bel ba ya motsi. Rana ɗaya sai a ba tiransifoma wuta, kuma wannan sabo ba ya barin jiki a rana ɗaya.

Abin da za ka nema shi ne iyaka bayyananniya. Kowane sashe da aka gama a miƙa shi ga masu gwaji a rubuce, a sa masa alama mai launi dabam a fili, kuma daga ranar ba mai taɓa shi sai da takardar izinin aiki daga hannunsu, ko da shi ne ya girka shi jiya. Kafin a yi aiki a kan injin da aka miƙa, a kashe makunninsa ko a rufe bawul ɗinsa, kowane ma'aikaci ya sa kwaɗonsa na kansa da katin sunansa, mabuɗin yana aljihunsa, sannan a gwada tayar da injin don a tabbatar ya mutu. Ka je ɗakin makunnai ka ɗaga kati ɗaya ka karanta, ka nemi mai sunan a fili. Idan ka same shi a kan aikin da katin ya faɗa, tsarin yana aiki. Idan aka ce ai ya bar kamfanin tun watan jiya, ko ka ga heluma da tarin mabuɗan yaransa a zobe ɗaya, to kwaɗunan ado ne.

Gwaje-gwajen suna da jerinsu, kuma kowanne alama ce ta ci gaba wadda ba a iya ƙirƙira a takarda. A gwajin matsin ruwa ana cika tukunya da ruwa, a fitar da duk iskar da ke ciki, a hau da matsi sama da na aiki. Ƙa'idar ASME, wato ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka, ta sa shi ninki ɗaya da rabi na matsin aiki. A fitar da kowa daga yankin, kuma ba a matsowa duba yoyo sai an sauke matsin. Bayan haka a busar da bulon wuta a hankali bisa jadawalin zafin da mai kayan ya bayar, domin idan aka yi gaggawa ruwan da ke ciki zai zama tururi ya farfasa bulon, a yi asarar makonni don an so cin ribar kwana biyu. Sai wanke cikin bututu da sinadari, sai hura tururi. A wannan mataki ana sa wani ɗan falle na ƙarfe mai sheƙi kamar madubi a bakin bututun wucin gadi, a saki tururi da ƙarfi, a ciro fallen a duba. Duk tabon da ke kansa tsatsa ce ko ɓurɓushin walda wanda da zai daki fikafikan tabain. Ana maimaitawa har sai falle ya fito da tsabtar da mai injin ya yarda da ita. Ka nemi a nuna maka fallayen a jere da ranakunsu. Sun fi kowane rahoto gaskiya. Ƙarar wannan aiki tana da tsanani, don haka a sa abin rage ƙara, a raba matoshin kunne, a sanar da maƙwabta tun da wuri, a kuma duba tokaren bututun wucin gadi da kyau kamar na dindindin.

Bututun man da ke ciyar da murhun taimako yana da nasa darasi. A ranar 7 ga Fabrairu 2010, a tashar Kleen Energy da ake ginawa a Middletown ta jihar Konetikat a Amurka, an yi amfani da gas mai matsi wajen hure datti daga bututu, gas ɗin ya taru a tsakanin gine-gine ya fashe, mutum shida suka mutu, aƙalla 50 suka ji rauni. Tashar ta gas ce, ba ta shara ba, amma aikin iri ɗaya ne, kuma hukumar da ta yi bincike ta nuna cewa ana iya yin sa da iska ko naitirojin. Idan ka ga shirin wanke bututu da abin da ke kamawa da wuta, ka tsayar da shi.

Karanta alƙaluman tsaro da shakka

Allon da ke bakin ƙofa mai cewa an yi awa miliyan kaza ba rauni yana da amfani, amma yana da illa idan aka ɗaura masa kyauta, domin mutane sukan ɓoye rauni don kada su ɓata wa abokansu. Wasu kamfanoni suna lissafin yawan rauni a kan awa 200,000 na aiki, wasu a kan miliyan ɗaya, don haka ka san wanne ake nufi kafin ka kwatanta. Ka je ɗakin shan magani ka duba rajistarsa, ka gwada da rahoton. Ka fi mai da hankali ga rahotannin abin da ya kusa faruwa, kamar sifanar da ta faɗo daga sama ba ta sami kowa ba. Filin da ke da ma'aikata dubu amma babu irin wannan rahoto a wata guda, ba lafiya ce ta yi yawa ba, shiru ne. Ka kuma tambayi lebura, ba manaja ba, ko yana da ikon dakatar da aiki idan ya ga haɗari, da kuma abin da ya faru da na ƙarshe da ya yi hakan.

Kafin motar shara ta farko ta shigo

Ranar da shara ta shiga rami, filin gini ya zama masana'anta, don haka akwai abubuwan da ba a ɗaga su zuwa jerin ƙananan gyare-gyaren bayan karɓa. Na'urorin hango zafi da bindigogin ruwa na ramin shara su kasance an gwada su da ruwa na gaske, domin batiran litiyam da ke ɓuya cikin shara suna tayar da wuta ba gargaɗi. Tubalin tsayar da taya a bakin kowace ƙofar juyewa ya kasance a wurinsa, a raba hanyar motocin shara da ta masu ginin da suka rage. Fankar da ke zuƙo iskar ƙonewa daga ramin ta yi aiki, tunda ita ce ke hana wari da ƙura fita. Wurin tara tokar ƙasa ya sami iska, saboda gwangwanin alminiyam da ke cikin jiƙaƙƙiyar toka yana fitar da haidirojin, tokar tacewa kuma, wadda ke ɗauke da ƙarafa masu guba, a riga an san rumbun da za ta shiga da wurin da aka ba lasisin karɓarta. Na'urar auna hayaƙi a daidaita ta, a kuma gwada makullin da ke hana zuba shara idan zafi bai kai digiri 850 ba, ta hanyar sauke zafin da gangan a gaban shaidu, sannan a rubuta sakamakon a sa hannu.